Kaset Ɗin da Ya Riga Ni Zuwa Hajji

Nguru, 9 ga Fabrairu, 1998

Bawana Rabe,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi Sallah lafiya, kai da iyali da mahaifiyarmu Iya Fanne. Yaya ƙafarta? Mu nan lafiya lau, ɗalibaina suna nan suna rikita sarakunan Borno da na Kano yadda suka saba. Na kira ka bawa ne don na ji an ce barkono ya yi daraja bana, kada arziki ya mantar da kai: kakana namiji ne, kakarka ƙanwarsa ce, kuma babu yawan buhun da zai goge wannan.

Direba Muktar zai ba ka wannan takarda tare da wani ƙunshi a cikin safa. Safar wankakkiya ce. Abin da ke ciki kaset ɗin Garwashi ne.

Na san ba ka manta da su ba, amma ku 'yan kasuwa kukan nuna kamar kun manta da duk abin da ba a aunawa a mudu. Kalli da jitarsa mai lantarki, Ibram a kan ganguna, Ɗanladi yana waƙa yana gumi kamar mai huɗa a fadama. Kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, ranar Asabar bayan la'asar. Kiɗan rok a Nguru, garin da layin dogo ya gaji ya tsaya! Ga ni ga ka, da wanduna masu faɗin ƙafa waɗanda za a iya zuba shinkafa tiya biyu a kowace ƙafa. Shekara shida suna yawo, Gashuwa, Haɗejiya, Kano, Maiduguri, sannan a 1979 suka watse ba faɗa ba sallama. Ibram ya rasu. Ɗanladi an ce yana Jos yana sayar da taya. Kalli kuwa kamar ƙasa ta haɗiye shi.

Ba su taɓa buga faifai ba. Wannan kaset ni na ɗauka a 1978 da rakodar aro, na ɗaga ta sama da kaina awa guda cur, kwana biyu ban iya kai loma baki ba. Iya sanina babu na biyunsa a duniya. Fuskar farko gajerun waƙoƙi huɗu ne. A bayansa akwai “Kar Ki Jira Ni a Tasha”, inda Kalli yake raba hanya da sauran ya yi minti shida shi kaɗai da jitarsa.

Makon jiya rakodata ta tauna shi. Na zauna da biro ina naɗe zaren a hankali kamar mai ɗinkin ido. Ka taɓa yi mini alfaharin ka sayo rakoda mai baki biyu daga Kano. To ga ranarta. Ka kwafa mini shi a sabon kaset, ka dawo mini da duka biyun. Na ɓalle kunnuwansa tun tuni, babu wanda zai iya ɗaukar wani abu a kansa ko da kuskure.

Ubangidanka,
Alamin

Gashuwa, 14 ga Fabrairu, 1998

Malam Alamin, ubangidan da bai taɓa ciyar da bawansa ba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Iya da sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ta ce a gaishe ka.

Saƙo ya iso, safa da abin da ke ciki. Ban manta da Garwashi ba, Malam. Ni ne fa na riƙe maka takalmi ranar da suka zo Gashuwa, janareta ya mutu a tsakiyar waƙa, Ibram ya ci gaba da dukan ganguna shi kaɗai har aka gyara. Wani lokaci ina kan babur in ji ina bin kiɗan nan da ƙafa, sai in tarar na taka birki.

Kwana uku ba mu ga wuta ba, kuma ba zan yi maka aikin tarihi da batir mai rauni ba. Gobe zan tafi Katuzu wajen masu tsinkar barkono, zan yi kamar mako guda. Na ajiye shi a kan rakodar a falo. Da na dawo zan yi.

Rabe

Nguru, 12 ga Maris, 1998

Rabe,

Bayan gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Mu nan zafi ya fara, mai ɗakina ta fitar da randa inuwa.

Na duba taswira. Daga Gashuwa zuwa Katuzu ba tafiyar wata guda ba ce, ko da a kan jaki mai ciki. Sau huɗu ina tare Muktar a tasha, har ya fara ɓuya a bayan mota idan ya hango ni. Ranar Asabar da ta wuce na zauna bayan la'asar ba abin saurare, mai ɗakina ta dube ni ta ce ko in je in yi aski. Shekara ashirin ke nan ban san cewa Asabar tana da tsawo haka ba.

Ina kaset ɗina?

Alamin

Gashuwa, 16 ga Maris, 1998

Malam,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Barkono ya yi kyau a Katuzu, attaruhu ne dai tsutsa ta ɗan taɓa. Ruwan kogi ya ja baya, masunta na ta kama kifi. Maniyyata sun fara tashi, unguwa ta cika da walima.

Maganar kaset kuwa, ba ta takarda ba ce. Komai na duniya mai wucewa ne, Malam. Sai mun haɗu.

Rabe

Nguru, 19 ga Maris, 1998

Rabe,

Lafiya lau, na gode.

“Komai na duniya mai wucewa ne.” Na karanta layin nan sau tara. Shekara arba'in da bakwai na san ka, ban taɓa jin ka yi wa'azi ba sai idan ka fasa wani abu. Amma an gaya mini yanzu a sahun gaba kake salla, har gemu ka bari. Idan tuba ka yi, Allah ya karɓa, ina taya ka murna da zuciya ɗaya. Sai dai mutum da kayansa yake tuba, ba da kayan ubangidansa ba. Idan ka ƙona mini Garwashi don ka tsirar da ni, ka faɗa mini a fili, ka kuma aiko mini da tokar.

Alamin

Gashuwa, 23 ga Maris, 1998

Malam Alamin,

Muna lafiya, kuma ban ƙona komai ba. Gemun ma reza ce ta yi tsada. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ka san Iya tana da ƙanwa, Inna Huseina, wadda ta tafi Jidda shekara goma sha tara ke nan ba ta dawo ba. Ba wadda ta iya karatu a cikinsu. Duk shekara idan maniyyata za su tashi, Iya takan rufe ƙofa ta zauna gaban rakoda ta yi wa ƙanwarta magana a kaset, ta ba wani alhaji ya kai. Ba ta taɓa yarda a sayi sabo ba. Ta ce ɓarna ce, ga su nan zube a gida.

Ina Katuzu ta shiga falo ta ga naka. Ta ce da ta gan shi a cikin safa ta san mai kyau ne, tunda an killace shi. Ta kunna ta ji, ta ce ta ji kamar ana rushe rumfar maƙera da mutane a ciki, sai ta gane ya lalace ne, babu wanda zai yi kewarsa. Na ce, “Iya, ai an ɓalle masa kunnuwa!” Ta dube ni kamar yau aka haife ni. Ta ce, “Auduga da ɗan ƙaro. Tun kana neman aure nake toshe su.”

Rabin awa ta yi a fuskar farko. Wanda ya rasu, wadda ta haihu, akuyar da ta ci mata zane, da man zafin da take so a aiko mata. Waƙoƙinka huɗu sun tafi, Malam. Ta ba maƙwabcinmu Alhaji Babayo, shi kuma ya tashi daga Maiduguri ranar sha ɗaya ga wata.

Kwana goma ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Laifina ne da na bar shi a fili. Ka yafe mini.

Rabe

Nguru, 25 ga Maris, 1998

Rabe,

Muna lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya.

Shekara ashirin da biyu ina nema a ba ni kujerar Hajji, kaset ɗina ya riga ni, a cikin safata. Ina koya wa yara yadda Birnin Gazargamu ya faɗi, ina ce musu sai da runduna ta zo. Ashe tsohuwa ɗaya da ɗan ƙaro ta isa.

Na yafe maka, na yafe wa Iya. Waƙoƙi huɗun nan ina da su a ka, ko da ba duka ba. Har na fara dariya, sai wani abu ya faɗo mini, dariyar ta tsaya.

Rabe, a bayan kaset ake amsawa.

Haka mahaifiyata take yi da yayanta na Sudan. Mai karɓa ya saurari fuskar farko, ya juya, ya ɗauki amsarsa a baya, ya ba alhajin ya dawo da shi. A bayan nan Kalli yake. Idan Inna Huseina ta danna jan maɓallin nan, shi ke nan, babu sauran shaida a duniya cewa mutumin nan ya taɓa riƙe jita.

Ka nemi waya. Idan babu, har yanzu akwai jirgin ƙarshe. Ka sami wanda bai tashi ba, ka rubuta wa Alhaji Babayo ya karɓo kaset ɗin yadda yake, ya saya mata sabo, ko goma take so. Ka yi yau, don Allah. Ka ga ban kira ka bawa ba, ka san da gaske nake.

Alamin

Gashuwa, 30 ga Maris, 1998

Malam,

Muna lafiya. Na yi abin da zan iya, kuma akwai abin da ban iya ba.

Waya babu. Inna Huseina ba ta da lamba, adireshinta ma shi ne “gidan da ke bayan mai gasa burodi”, alhazanmu ne kawai suka san wane mai burodi. Amma na sami wani manomin shinkafa daga Dagona da zai bi jirgin ƙarshe. Na rubuta takardar, na sa a ambulan.

Kuskurena shi ne na gaya wa Iya. Ta ajiye carbi ta ce, “Rabe, ka san me ake nufi idan kaset ya dawo babu amsa a bayansa?” Na ce za a saya mata sabo. Ta ce, “Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Idan aka je aka ce wa Huseina yayarki ta ce a karɓo kaset ɗinta kada ki yi magana a kai, me za ta ji? Ita kaɗai ta rage mini. Sau ɗaya a shekara nake jin muryarta.” Na ce zan yi bayani a takardar. Ta ce bayanin da namiji zai karanta wa wani namiji ya je ya faɗa wa mace a ƙofar gida, rabinsa a hanya yake zubewa. Sannan ta ce idan Alamin ƙara yake so, ya zo ta buga masa kwano.

Ba ta yi mini tsawa ba, Malam. Da ta yi da ya fi sauƙi. 

Ban aika ba. Takardar tana aljihuna, jirgin ya tashi jiya.

Rabe

Gashuwa, 8 ga Mayu, 1998

Malam Alamin,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun yi babbar Sallah lafiya. Na aiko maka da cinyar rago ta hannun Muktar, ya ce an karɓa, amma ko layi ɗaya ban gani ba. Mako biyar ke nan. Iya ta tambaye ni sau biyu ko ka yi fushi, na ce jarrabawa ce ta riƙe ka. Ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba.

Alhaji Babayo ya dawo shekaranjiya da haƙorin Makka da tari. Ya kawo wa Iya man zafi, da dabino, da kaset. Ba naka ba ne. Sabo ne fil.

Mun zauna mun saurara. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, sai Inna Huseina ta ce, ga shi yadda na iya riƙewa:

“Yaya Fanne, ina kika samo kaset ɗin nan? Na gama jin ki na juya zan amsa, na ce bari in ji ko akwai wani abu. Yaya, sai na ji Kalli. Ina tsaye ne, na zauna a ƙasa. Ki gaya wa mai shi ba zan dawo da shi ba. Ya kai ni ƙara wajen Sarkin Bade in yana so. Amma ni ba azzaluma ba ce, na ari rakodar maƙwabciyata, na haɗa su baki da baki. Abin da ke bayan wannan kaset nasa ne, kada kowa ya ji kafin shi.”

Iya ta ce, “Au, ashe waƙa ce?” Ta saurari nata sau uku, sannan ta naɗe shi a ɗankwalinta ta ce in ba Muktar. Ban ji bayan ba, ta tsare ni da ido har na liƙe ambulan.

Ban san ko wannan ya biya ka ba. Ka rubuto, ko zagi ne.

Rabe

Nguru, 12 ga Mayu, 1998

Bawana Rabe,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau. Cinyar ta iso, mun ci, ragon ya sha wahala a rayuwarsa amma Allah ya saka. Ba jarrabawa ce ta riƙe ni ba. Fushi na yi, irin na mutumin da ya san ba shi da gaskiya, wanda ya fi kowane daɗewa. Da ka aika takardar nan da na ji kunyarka daga baya. Ka yi daidai.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da aka hana ka ji.

Da farko ƙarar fanka ce. Sai muryarta: “Kai mai kaset, ban san ka ba, amma na san ka ci kifina. Ni ce mai suya a ƙofar kulob.” Rabe, ka tuna ta? Mai kaskon nan a gindin dalbejiya, wadda take ce mana 'yan iska masu wandon buhu? Ni ban taɓa sanin ƙanwar Iya ba ce, kai kuma na gane yanzu dalilin da ya sa kullum kake bi ta ƙofar baya. Ta ce shekara huɗu tana wurin, ba ta taɓa shiga ba, ta katanga take ji, kuma duk ranar da suka yi wannan waƙar sai ta ƙona kifi.

Sai ta danna, Garwashi suka taso. Daga nesa suke, kamar ana kiɗa a gidan maƙwabta. Ita kuma ba ta yi shiru ba. “Ka ji Ibram, Allah ya jiƙansa, kan kifi uku yake ci shi kaɗai.” Da Ɗanladi ya fara, ta bi shi baiti da baiti, har wani wuri da na shekara ashirin ban gane abin da yake cewa ba, a bakinta na ji shi sarai. Ina zaune ina cewa, baiwar Allah, ki bari in ji. Ina tsoron isowar wurin Kalli.

Da aka zo wurin, ta yi tsit. Minti shida. Fanka kawai, da jita, da wani wuri guda da ta ja hanci. Ni ma a nan na tashi na rufe taga, saboda ƙura ko wani abu ya shiga mini ido.

Da waƙar ta ƙare ta ce, “To, ka ji. Amma wannan mai ihun ‘Kalli! Kalli!’ a bakin rakoda, ya ɓata wuri mafi daɗi. Ko wane ne, Allah ya shirye shi.” Mai ɗakina tana tsakar gida ta ce amin da ƙarfi.

Ka gaya wa Iya ta gaya mata ta riƙe wancan. Ba zan kai ƙara ba. Ni ina ganin ni kaɗai na rage ina kewar mutanen nan, ashe akwai wata a bayan mai gasa burodi.

Ga abin da nake so. Idan ta riƙe wannan waƙar haka, wataƙila huɗun da suka tafi ma suna bakinta. Na sayi sabon kaset don in tambaye ta, in ba duk wanda zai fara tafiya Umara. Jiya na rufe ƙofa na zauna gaban rakoda. Rabe, ni da nake tsayawa gaban yara sittin in yi awa biyu ba takarda, na danna maɓallin na ce “Assalamu alaikum”, sai na ji kaina ina cewa “darasinmu na yau”. Na goge. Na biyu na yi kamar mai karanta labarai. Na uku tari kawai na ɗauka.

Zan shigo motar Muktar ranar Asabar. Ka roƙar mini Iya ta ba ni rabin awa, ta zauna kusa da ni ta nuna mini yadda ake farawa.

Ubangidanka,
Alamin